Yadda Ake Kallon Fim Ɗin Tsoro na Gem a Dangoma a Tashi da Sauran Mutunci

Ba zan tsaya koya maka yadda ake tura fim a waya ba. Duk wanda ya taɓa miƙa wa mai turi memori a bakin titin Kalgo ya ce "cika min shi" ya sauke wannan karatun, ya kuma san rabin abin da aka zuba masa ba shi ya roƙa ba. Ni ko roƙon ma ban yi ba. Bikin ƙanwarmu ne ya kai ni gida Dangoma a tsakiyar hunturun nan. Ɗan yayana, wanda ke karatu a jami'ar tarayya da ke Kalgo, ya gan ni zaune jugum bayan isha'i, ya ce, "Baffa, in tura maka finafinai? Sai dai na tsoro ne, daga gem aka ciro su." Na yi masa dariyar manya. Na ce ni da na kwana a daji da shanu tun ubansa bai san zai yi aure ba, wasan yara ne zai firgita ni?

Yau kwanana tara ina ɗingishi. Ga shawarwari nan, kyauta, tunda ni na riga na biya kuɗinsu.

Ta ɗaya: kada ka cika baki a gaban yaro mai waya. Yaro ba ya mantuwa, waya kuma tana da kyamara.

Ta biyu: ka san irin dodon da ka gayyato. Finafinan nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka ɗauko labarinsu daga gem, akwai kuma waɗanda gem ɗin ne ke kashe mutane a cikin fim. Babban yaya a kashin farko shi ne Resident Evil. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da gem ɗin a 1996, fim ya biyo baya a 2002, da Milla Jovovich a matsayin jaruma, aka yi ta jan sa har guda shida zuwa 2016, suka tara sama da dala biliyan ɗaya. Labarin kuwa ɗaya ne tal. Wani kamfanin magani ya haɗa ƙwayar cuta a ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa, ta kufce, matattu suka miƙe suna neman naman mutane. Sau shida ana ba da labarin nan, sau shida duniya tana biya. Da kakarmu ta san tatsuniya ɗaya na iya kawo wannan kuɗi, da ba ta wahalar da kanta tana sauya wa Gizo dabara kowane dare ba.

Abin da ya burge ni, in ji ɗan yayana, a cikin gem ɗin idan gawa ta cije ka, ganye kake nema. Koren ganye a tukunya, ka tsinka, ka haɗa da ja, ka warke. Ashe har Japan an yarda da sassaƙe. Da aka zo fim sai aka watsar da ganyen, aka koma allura da bindiga, kuma tun daga nan na fara zargin masu fim ɗin ba su da tarbiyya.

A kashi na biyu akwai Stay Alive na 2006. Wasu matasa ne suka tsinci gem, duk wanda ya mutu a ciki sai ya mutu a zahiri, irin mutuwar sak. Kafin gem ɗin ya buɗe kuwa, sai ka karanta wani surkulle da ƙarfi, na kiran wata basarakiyar Hungari mai suna Elizabeth Bathory, wadda ta mutu tun 1614. Suka haɗa baki suka karanta, su duka, babu wanda ya ce a'uzubillahi. A Dangoma fim ɗin nan minti huɗu zai yi. Rubutun na fitowa wani zai ce "ni dai ban da ni", a zare wayar wuta, a tafi shan shayi.

Ta uku, caji. Nan fa zan daɗe, ka gyara zama.

Kada ka fara fim ɗin tsoro da caji ƙasa da rabi. Ranar biki kuwa shagon mai caji ya fi gidan amarya cika, wayoyi jere kamar kifi a kan tarun Argungu, janareta na tari, kowa na rantsuwa shi ya riga kawowa. Na karɓo tawa da kashi 41, na ce ya isa. Na shige ɗakin da ke kusa da zaure, na ja bargo, na kunna Five Nights at Freddy's.

Gem ɗin wani Ba'amurke ne, Scott Cawthon, ya ƙirƙira a 2014, fim ya fito a 2023. An kashe kamar dala miliyan 20, aka kwashi sama da miliyan 290. To me ake sayarwa? Mai gadi ne a wani tsohon gidan cin abinci, daga sha biyun dare zuwa shida na safe, ga wasu manyan 'yan tsana na ƙarfe, da beyar da zomo da kaza da dila, suna yawo da dare suna neman sa. A gem ɗin, kai ne mai gadin. Kana da wuta ƙayyadadda. Duba kyamara na cin wuta, kunna fitila na cin wuta, rufe ƙofa ma na cin wuta. Wutar na ƙarewa ƙofofi su wangale, duhu ya rufe ka.

Jama'a, a tsaya. Mutum na zaune cikin dare yana lissafin sauran wuta, yana kashe wannan don ya tsira da wancan, yana addu'ar gari ya waye kafin ta mutu. Wannan shi ne abin tsoron da ya yi dala miliyan ɗari biyu da casa'in? Wannan ai abin yau da kullum ne a gidanmu. Mu da muke rage hasken waya har sai mun kanne ido, mu kashe data, mu hana yaro taɓawa, don dai a samu na kiran asuba, ba wanda ya taɓa ba mu ko sisi. Kuma wace irin ƙofa ce sai da lantarki take zama a rufe? Ina sakata? Kowane maƙeri daga nan har Gwandu zai buga maka sakata kafin shayinka ya huce, ka zura ta, ka tokare da turmi, zomon ƙarfe ya kwana yana ƙwanƙwasa. Ƙasa guda mai jirgin zuwa wata, a rasa sakata! Shi kuma mai gadin fim ɗin, barci yake zuwa yi wurin aikin, da gangan, har da shan ƙwayar barci. A nan kaɗai na ga gaskiya a fim ɗin.

Duk wannan masifar a zuci nake yin ta, don a fili na riga na janye ƙafafuna cikin bargo. Caji ya koma 23.

Ta huɗu: abin kunne, ɗaya za ka sa, ka bar kunne ɗaya a Dangoma. Na sa biyu. Ba sai na ƙara bayani ba.

Ta biyar ita ce... a'a, bari in fara faɗin abin da ya fi ci min rai. Mai buga gem yana da abin latsawa a hannu. In ya ga lungu mai duhu, ya ga dama ya juya. Fim kuwa ƙwace abin latsawar yake yi, ya miƙa wa wanda ya fi kowa wauta a garin, ya ce ka zauna ka kalla. Mace ta ji gurnani a ƙarƙashin bene, ba makami, ba rakiya, fitilarta na fi'ili, sai ta nufi wurin tana tambayar ko akwai mutum. In akwai, amsa miki zai yi? Na tsinci babban yatsana yana tura ta hagu a kan gilashin waya, wai ta kauce. Wayar ta ɗauka cewa na yi ta tsallaka gaba, ta jefa ni kai tsaye kan fuskar abin, ba ko sallama.

Wani Bajamushe ma, Uwe Boll, ya mayar da lalata gem sana'a. Ya yi House of the Dead a 2003, ya yi Alone in the Dark a 2005, masu sharhi suka yi masa ca. Sai a 2006 ya ce duk mai baki ya fito a dambata, wasu suka fito, ya lakaɗa musu duka a gaban jama'a. Ni dai ban ce komai a kan finafinansa ba. In ya ji labari, a ce masa na yaba.

Mun kai ta nawa? Bar lissafin. Kada ka kalli Silent Hill da hunturu.

Kamfanin Konami ya fitar da gem ɗin a 1999, wani Bafaranshe, Christophe Gans, ya yi fim ɗin a 2006. Uwa ce ke neman 'yarta a wani gari da kowa ya watse, hazo ya rufe ko'ina, toka na zubowa daga sama. An ɗauko siffar garin daga Centralia ta Amurka, inda wuta ta kama ramin kwal a ƙarƙashin ƙasa tun 1962 ba ta mutu ba. Shi kuwa hazon asalinsa dabarar talauci ce. Na'urar PlayStation ta farko ba ta da ƙarfin zana abin da ke nesa, sai masu gem suka lulluɓe nesan da hazo don a rufa asiri, ya zamo shi ne abin da ya fi tsorata mutane. A fim ɗin, in jiniya ta yi kuka duhu ke saukowa, in waya ta fara shashsheka to abin ya matso.

Yanzu ka tuna yadda Dangoma take a watan Janairu. Hazo tun daga fadama har bakin titi, fitilar mai shayi ta zama ɗigon ja, ƙura na sauka kan bargo kamar tokar can. Ƙarfe ɗaya saura janaretan gidan biki ya yi tari uku ya yi shiru. Wayata ta yi ƙara, kashi 5. Kuma a daidai lokacin ne kofi uku na shayin da na sha bayan magariba suka aiko da sammaci.

Shawara ta gaskiya ke nan, wadda ya kamata ta zo farko: ka zagaya kafin ka fara. Waɗanda suka shirya finafinan nan makewayinsu na cikin ɗaki, taku huɗu, da makunnin fitila a bango. Namu yana can ƙuryar gida, bayan rumbu, bayan turke, ka ratsa tsakar gida duka. Na yi ta lallashin mara har ta daina jin magana. Na ɗauki buta, na kunna fitilar waya, na fita ina karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba.

Na wuce rumbu lafiya. Ina daf da danga wayar ta mutu. Cikin duhun nan na ji numfashi, mai nauyi, mai ɗumi, a daidai ƙeyata. Sai ƙarar ƙarfe, kacau, ana jan sa a ƙasa. Sai wani abu mai danshi, mai kaushi, ya lashi bayan hannuna.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ƙarya ne, a gida na gamu da su, su biyun, lokaci guda. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na yi watsi da buta, na bar takalmi ɗaya, na yi karo da turmi, na haye tukunyar waina da aka jiƙa ta walima, na zube a ƙofar ɗakin Goggo ina kiran sunan Allah da muryar da ban san ina da ita ba. Gida ya tashi. A zamanin nan da ƙarar babur cikin dare ke sa mutanen karkara su miƙe zaune, ihu ba abin wasa ba ne, kuma wannan ne kaɗai ɓangaren da har yau ba na iya yi wa dariya. Yaya ya fito da sanda, maƙwabta suka hau katanga da tocila.

Maraƙin da aka sayo na biki ne. Ya tsinke igiya, yana jan kwanon dusarsa.

Goggo ta haska ni, ta haska maraƙin, ta ce, "Kai ɗan nan, mi as same ka?" Na ce ba komai, Goggo, santsi ne. Ta dubi tsakar gidan da rabonta da ruwan sama tun Oktoba, ba ta ce uffan ba. Da safe sai ga hayaƙi a kasko, ga rubutu a kwano, ga wani ganye da ta daka ta ɗaure min a idon sawu. Kore ne. Ban tambaya ko akwai jan ba.

Sauran shawarwarin na rubuta su a takarda, guda shida, ciki har da ta cewa a kalla da rana tsaka a gindin bedi, amma wa nake ruɗi, da rana gilashin waya ba ya nuna komai sai fuskarka. Wainar walima kuwa sai sabon ƙulli aka yi, da kuɗina. Yaran unguwa sun raɗa min suna, ba zan rubuta shi a nan ba. In na wuce sai ɗaya ya yi kukan maraƙi, sauran su watse da gudu suna ɗingishi.

Ranar da zan koma, ɗan yayana ya rako ni bakin titi ya riƙe min jaka, ladabi kamar ba shi ba. Mota ta tsaya, na shiga, ya sunkuyo ta taga.

"Baffa, Silent Hill ɗin fa yana da na biyu, na 2012. Na riga na tura maka."

Yana nan a wayar. Cajina yanzu 88, kuma na zagaya.