Ayarin Tiga: Kowa da Abin da Ya Je Gani

Idan dawakin Sallah suka koma barga, an yi hawan Daushe an yi na Nassarawa, sai hankalin mutanen unguwar Kwaciri ta Kano ya koma kan inda za a je a sha iska kafin hutu ya ƙare. Yara dai Gidan Zoo suka sani. Amma wanda gemu ya fara tsiro masa, da wadda ta gaji da tsayuwa gaban kejin jimina, dam ɗin Tiga suke ambata. Tafiyar kamar ta kilomita 70 ce: a bi titin Zariya, a wuce Kura da Kadawa, a karya hagu a shiga ƙasar Bebeji, sai ga duwatsu, sai ga ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa. Mota ɗaya ake shiga, ruwa ɗaya ake tararwa, amma in aka dawo ka saurari labari, sai ka rantse wuri goma aka je.

Wanda za ka fara cin karo da shi, tun ba a ga wata ba, shi ne Sarkin Tafiya. Ba wanda ya naɗa shi. Tun goman ƙarshe na azumi ya sayi littafi mai jan bango, ya buɗe zaure a WhatsApp, ya kira kansa shugaban kwamiti, kwamitin da shi kaɗai ne a ciki. Yana bin majalisu yana karɓar karo-karo, kullum maganarsa ɗaya: "Ƙarfe bakwai daidai mota za ta ɗaga. Wanda ya makara, kuɗinsa sun bi ruwa." Ranar tafiya kowa ya hallara bakwai saura, har da masu goyo. Shi kuwa sai goma da rabi za a hango shi tafe, wai mai guga ne ya riƙe masa shadda. Daga nan har a dawo aikinsa ƙirga kawuna, kuma lissafin ba ya fita, don wani lokaci ya manta da kansa, wani lokaci ya ƙirga kansa sau biyu. Ka tambaye shi yaya Tiga take, zai gaya maka kuɗin mai, da kuɗin direba, da sunayen mutum uku da har yau ba su cika ba.

Kujerar bakin ƙofa ta Hajiya mai kuloli ce, don ita da kayanta sai an ware musu wuri. Ita ba yawon buɗe ido ta fito ba, kicin ɗinta ta ɗauko ta canza masa unguwa. Kula ta dambun shinkafa daban, ta soyayyen naman da ya yi saura daban, ga cincin a bokitin fenti, ga zoɓo da ƙanƙara an naɗe jarkar da tsohon zani, ga yaji a robar man shafawa, ga buta, ga tabarma biyu. Ana isa, tun jama'a ba su gama salatin ganin ruwa ba, ta riga ta zaɓi gindin bishiya ta shimfiɗa, ta kuma juya wa ruwan baya, wai iskar da ke tasowa daga can tana zuba mata yashi a abinci.

"Ke, zo ki ci tun bai huce ba."

"Umma, ruwa fa muka zo gani."

"Ruwan gudu zai yi?"

Kowa yana yi mata dariya da hantsi. Da azahar ta gota, yunwa ta fara rarake ciki, sai ka ga manyan masu dariyar sun zagaye tabarmar, kowa ya zama ɗanta, har direba.

Akwai Masani. Galibi tsohon malamin firamare ne, ko wanda ya taɓa aiki a hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da dam ɗin. Shi ba ya jira a tambaye shi. Yana sauka zai gyara hula, ya harɗe hannu a baya, ya fara: Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka datse Kogin Kano a nan; an fara aikin a 1971 aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya ƙona Arewa da ƙasashen Sahel. Zai nuna maka inda ake sakin ruwa ya bi magudana zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya ce shinkafa da alkama da tumatirin da ka gani a hanya duk 'ya'yan ruwan nan ne. Zai tuna maka da Bagauda, ƙaramin dam ɗin da ke kusa, mai sunan sarkin Kano na farko, inda otal ɗin da manya ke hutawa a da ya koma makarantar horar da lauyoyi. Har nan duk gaskiya yake faɗa, kuma da zai tsaya da ya ci lada. Matsalar Masani ita ce in ya ga an yi shiru ana saurare, sai birki ya tsinke. Gaskiya ne an tashi ƙauyuka kafin ruwa ya cika wurin, amma a bakinsa har yau ana jin zakaransu na cara daga ƙasa da asuba. Akwai kuma wani kada mai ɗan kunne, wanda shi da kansa ya gani a zamanin Shagari. Abin da bai cika faɗa ba, don ba ya ƙara wa labari armashi, shi ne masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kukan cewa tun da aka datse kogin, ambaliyar da ke ciyar da su ta sauya hali.

Cikin masu sauraron Masani akwai wani da bai ji komai ba sai adadi. Ɗan kasuwa ne, daga Singa ko Kantin Kwari, wanda dama da ƙyar aka raba shi da shago. Da ya ji an ce an gina dam ɗin don ya riƙe ruwa kusan lita tiriliyan 2, sai ya zaro waya ya shiga danne-danne. Can ya ɗago, fuska a ɗaure: "Malam, in aka ɗura wannan a jarka mai lita 25, ya kusa jarka biliyan 80 fa." Ya yi shiru yana tuna nawa mai garuwa ya caje shi kura ɗaya shekaranjiya a Kwaciri, inda famfo kan yi kwana da kwanaki yana hura iska. Daga nan hutunsa ya lalace. Wasu na ganin ikon Allah, shi yana ganin jari kwance ba mai gadi. Kafin la'asar ya tambayi kuɗin fili a bakin ruwa, ya tambayi kuɗin hayar tanka, ya kuma kira yaron shago sau bakwai.

Gwanin iyo kuwa tun a mota ya fara. Shi a kududdufin unguwa ya koya, tun yana ɗan shekara bakwai. Yana nutso a wannan gaɓa ya ɓullo a waccan, har manya na yi masa kirari. Ana isa ya ga faɗin ruwan, ya ga yaran masunta na tsalle daga kwale-kwale suna ɓacewa, sai murya ta sauya. "Ai da na sani da na zo da gajeren wando." A ba shi aro, ya ce mura ke damunsa. A ce ba a ji yana tari ba, ya ce likita ya hana shi shiga ruwan da ba ya gudu. Ƙarshenta ya naɗe ƙafar wando, ya tsoma ƙafa iya idon sawu, ya ce a ɗauke shi hoto daga gwiwa zuwa sama.

Abokin tafiyarsa shi ne wanda aka lallaɓa ya shiga kwale-kwale. Tun kafin a tura ya damƙe katako da hannu biyu, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Jirgi ya ɗan karkata, ya ce da mai tuƙi, "Baba, don girman Allah mu koma, na yafe kuɗin." Ana yi masa dariya, amma ni ina bayansa. Mutanen Kano ba su manta da kwale-kwalen da ya kife a dam ɗin Watari, a Bagwai, ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya tafi da ɗaliban Islamiyya da dama. Mutumin da ya tsaya ya ƙirga mutum nawa aka loda, ya tambayi ina rigar kariya, ya fi mai ihun "ƙaro mutum biyu, akwai wuri" hankali nesa ba kusa ba.

Inna mai tsoron mutanen ɓoye ita tata dokar daban ce. Kada a yi fito, kada a nuna ruwa da yatsa, kada mai jan kaya ta matsa kusa, kuma kowa ya bar bakin ruwa kafin rana ta yi ja. Ta zo da habbatus sauda a jaka. Duk yarinyar da ta yi hamma sau biyu a jere, an tofa mata.

Sai kuma rundunar da ta fi kowa yawa a zamanin nan, masu hoto. Su ma bayansu suke ba ruwan, amma ba don yashi ba, don ya fito a bayansu. Budurwa ta zo da mayafi uku, kowanne da dutsen da za a hau da shi. Saurayi ya ari tabarau, ya tsaya kan dutse yana kallon nesa, fuska a murtuke, wai tunani yake; ƙaninsa na durƙushe a ƙasa yana ɗauka, ana ce masa ya sake, cikin ya fito. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Sun tashi suna ganin jaruman fina-finan Hausa na zagaya duwatsun Tiga da harabar otal ɗin Rock Castle suna rawa da waƙa, su kuma jaruman sun gano abin ne a fina-finan Indiya, inda ake barin Bombay a tafi tsaunukan Suwizalan don waƙa ɗaya. Garin Intalakin, da ke zaune tsakanin tafkuna biyu a can, ya ci moriyar abin har ya kafa wa mai shirya fim Yash Chopra mutum-mutumi a 2016, saboda baƙin da fina-finansa suka jawo. A shekarar ce kuma aka ce za a gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, nan ƙasar Bebeji, maganar ta mutu bayan malamai da jama'a sun ɗaga murya. Su dai masu hoto ba ruwansu da wannan. Damuwarsu ɗaya: caji ya kusa ƙarewa, sabis kuma sai an hau dutse.

Inda duk aka ambaci Suwizalan, Alhaji Na-Taɓa-Fita zai matso. Sau ɗaya ya je Dubai sarin waya, jirgi ya kuma taɓa yada zango da shi a Addis Ababa, amma tun daga nan ba abin da ke burge shi a ƙasar nan. "Wannan ai ba komai ba ne. Da a waje ne, da ka ga kujeru, da fitilu, da motar da ke tafiya a kan igiya." Yana faɗa yana jefar da ledar ruwan da ya shanye a gefen dam.

Can nesa kaɗan, inda ba a jin hira amma ana ganin kowa, masoya ne. An kusa sa rana, shi ya sa aka bar su suka zo, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ɗan shekara tara ne, yana zaune daram a tsakiyarsu. Saurayi ya saya masa rake, ya saya masa alewa, ya ba shi waya ya yi wasa, ya ce, "Je ka ga kifi mana." Yaro ya ce, "Umma ta ce kar in matsa." Duk cikin ayarin ba wanda ya riƙe amanar aikinsa irin yaron nan.

In ranar ta faɗo Lahadi, za ka tarar da maƙwabtanmu na Sabon Gari sun riga ku, an taso daga coci, an kafa lasifika, ana gasa nama. Kafin a tashi sai ka ga Hajiya mai kuloli ta aika musu da dambu, an maido mata da kwanon cike da shinkafa dafa-duka, tana ɗanɗanawa tana cewa yaji ya yi yawa, tana ƙara kai loma.

Gab da tafiya gwanin ciniki ke bayyana. Shi tun daga gida ya yi wa iyali alkawarin kifi "daga bakin ruwa, ba ruwanka da ɗan tsakiya." Ya durƙusa gaban masunci, ya ɗaga karfasa ya leƙa kunnenta, ya latsa cikin tarwaɗa, ya taya rabin kuɗi. Masunci ya ce albarka. Ya miƙe ya yi tafiyarsa, yana tafe yana kasa kunne ko za a kira shi. Ba a kira ba. Ya dawo da kansa. Masuncin nan ya ga irinsa ɗari, kuma ya san mutumin da ya zo daga birni da shadda ba zai koma hannu rabbana ba. Aka daidaita a farashin da in ka haɗa da kuɗin mota, gara ya taka zuwa kasuwar kifi ta Galadima. Sannan kifin ya shiga mota ba ƙanƙara, ƙarƙashin kujerar Alhaji Na-Taɓa-Fita.

Direba dai tun da aka iso ya ci ya ƙoshi, ya kwanta a inuwar motarsa, ya rufe fuska da hula. Ya kawo mutane Tiga ya fi a ƙirga, bai taɓa taka bakin ruwan ba. La'asar na yi ya fara danna oda, shi ba ya son tuƙin dare a titin Zariya. Amma sai an tsaya a Kwanar Gafan, don ba matar da za ta wuce tumatir mai araha ta ƙyale, ko da kuwa a cinya za a ɗora kwandon.

Saura mutum ɗaya, wanda bai je ba. Ya sa suna, bai biya ba, ranar tafiya ya kashe waya. Amma bayan sallar isha'i, kafin waɗanda suka je su warware gajiya, shi ne a tsakiyar majalisa yana ba da labarin Tiga: zurfin ruwan, girman kifin, da kadan nan mai ɗan kunne, wanda a wurinsa ya zama biyu. Wani da ƙurar hanya ba ta bar gashin idonsa ba ya ce, "Anya? Mu fa ba mu ga haka ba."

Ya dube shi da tausayi. "Ta ina kuka shiga?"

"Ta bakin dam mana."

"Haba, shi ya sa. Ai ba ku je ainihin Tiga ba."