Wa Zai Yi Wa Ƙanƙarar Naira Biyar Sanarwar Rasuwa?

A watan Yulin 2022, kamfanin Klondike na Amurka ya sanar da cewa ya daina yin Choco Taco, wani askirim da ake naɗewa cikin 'yar waina mai ƙamas-ƙamas, a shafe bakinta da cakulan da gyaɗa. Kusan shekara 40 ana shan sa. Sai Amurkawa suka ɗora hannu a ka. Sanata Chris Murphy ya yi barkwancin cewa zai kai ƙudiri majalisa a tilasta ci gaba da yin sa da dokar da ake matsa wa masana'antu su ƙera kayan yaƙi, Alexis Ohanian kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Reddit, ya ce a sayar masa da abin ya raya shi. Mutane sun yi musu dariya. Ni kuwa hassada nake yi musu, domin mamacinsu ya samu sanarwa da ranar rasuwa, har da sanata a zaman makoki. Namu mamacin a nan Falgore ko sadakar uku bai samu ba, kuma tunda babu wanda ya nema, na naɗa kaina magajinsa.

Ƙanƙarar naira biyar nake nufi: zoɓo ko tsamiya ko kunun aya a ƙulle cikin farar leda, a daskare kamar dutse, yarinya ta ɗauko a kula tana zagaya ƙofar makaranta. Ka ciji kusurwa, ka tsotse zaƙin da launin tas, ka bar farar ƙanƙara ga ƙaninka, ka ce ka sam masa. Abin da nake da'awa shi ne, wannan ƙanƙara ba tsufa ta yi ba, kuma ba yara ne suka gaji da ita ba. Kuɗin da ake sayen ta da shi ne ya riga ta mutuwa. Takardar naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa tana nan halal a doka, an ma sake buga ta da leda a 2009 don ta daɗe, ta kuwa daɗe, sai dai ba ta sayen komai. Miƙa wa almajiri ita ka ga kallon da zai yi maka. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashin watan Disambar 2024 a kashi 34.8 cikin ɗari. To ledar ƙullin kaɗai ta cinye biyar ɗin, balle sukari. Abin haushi, ƙasarmu ta Rogo da maƙwabtanta Danja da Maƙarfi rake ke fita kamar ciyawa, amma sukarin da matan gida ke zubawa yawanci ɗanyensa daga Birazil ake shigo da shi, a tace a Legas, sannan ya hau tirela. Zoɓon namu kuma 'yan kasuwa na loda shi zuwa Meziko.

Na san abin da za a ce mini. Malam, ai ƙanƙara ba ta mutu ba, ga ta can ana sayarwa hamsin ko ɗari. Wannan ba ita ba ce, mai kama da ita ce. Darajar waccan ba a ɗanɗano take ba, domin in za a faɗi gaskiya rabinta ruwa ne da kala. Darajarta ita ce yaro na iya mallakar ta ba tare da izinin kowa ba: an aike shi sayen magi, canji ya rage, uwa ta ce riƙe. Yau canjin aike ba ya raguwa, ciko ma ake biyo yaro da shi. Ƙanƙarar da sai an zauna an yi shawara da maigida kafin a saya ta bar sahun kayan yara, ta shiga kasafin kuɗi.

Wani kuma zai ɗaure fuska ya ce, ana fama da kwanon masara wa ke kukan ƙanƙara? Wannan ya fi nauyi, amma ya manta wa ke yin ta. Matan aure ne a cikin gida, da firiza ɗaya, da ita ake zubin adashi, ake tara kwanukan auren 'ya. Firizar nan kuwa wuta take ci. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, Kano da jihohin da ke kewaye da ita sun kwana fiye da mako cikin duhu, duk da dai a ƙauye da yawa ba su lura an ɗauke ba. Ruwa ba shi ne matsala ba, ga madatsar Challawa a Ƙaraye cike fal. Sanyin ne babu. Mai son ci gaba da sana'a sai ta sayi ƙanƙarar bulo da aka ɗauko daga nesa a bayan babur, rabinta ya tsiyaye a hanya, kuma kuɗin wanda ya tsiyaye ma yaro ne zai biya.

Akwai masu cewa gara da ta tafi, ruwan ba tsafta, kalar ba a san asalinta ba, ga tari ga ciwon haƙori. Ban musa ba. Amma da tsafta ce ta kore ta, da an maye gurbinta da mai tsafta a farashinta. Masu kyakkyawan zato kuma suna nuna mini firizar sola, suna cewa za ta dawo. Sanyi zai dawo, na yarda, ga wadda ke da jarin faranti da batir. Biyar ɗin fa? Shi ya sa buƙatata ba ta da yawa. Ban nemi sanata ba, ban nemi attajiri ya saye ta ba. Mai shela nake nema ya zagaya Falgore bayan la'asar ya faɗi rasuwar, a san ranar. Na tambayi kaina nawa zan ba shi goro, na ga ko shi ba zai karɓi ƙasa da dubu ba.