Fasinjojin Motar Kallon Kufai

Motar kallon kufai ba masu son tarihi ne ke cika ta ba. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin kujera daga tashar Ƙaura Namoda zuwa Dutsi ko ganuwar Kiyawa, a shekarun da hanya ke barin mutum ya je ya dawo kafin magariba, ya san haka. In an yi sa'a, a sami mutum biyu da suka fito don ganin inda Zamfarawa suka fara kafa gari. Sauran kowa da abin da ya kawo shi, kuma tun ba a fita gari ba za ka gama karantar kowa.

Na farko shi ne wanda bai zo ba tukuna. An ce ƙarfe bakwai. Bakwai da rabi a kira shi, ya ce ga shi nan bakin masallaci, alhali ana jin ƙarar bokiti da zubar ruwa ta cikin wayar. In ya iso takwas da kwata, shi zai fara tambayar direba me ake jira. Sai mai ciwon gwiwa, wanda dole a bar masa kujerar gaba. Ciwon nan ba ya tashi sai a tasha, don in an isa gindin dutse shi ke riga yara hawa.

Amma gwanina a duk motar shi ne Malam Na-riga-ka-sani. Yawanci tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ko kuma matashin da bai daɗe da karɓo takardar digiri ba, kuma halinsu ɗaya ko da shekara arba'in ce tsakaninsu. Za ka gane shi da tabarau mai igiya da jakar fata wadda zif ɗinta ya mutu, cike da takardun da aka yi wa hoto har rubutun ya dusashe. A mota ba ya magana da yawa, ajiyar ƙarfi yake yi.

An isa gari, an je an gai da maigari, an faɗi abin da ya kawo mu, ya haɗa mu da dattijon da zai yi mana jagora. Tsoho ya sa sandarsa gaba, ya kai mu inda manyan kaburburan nan suke, ya tsaya ya ce, "To, nan na Dakka yaz zamna, shi da mutanenai." Bai kai ga numfashi na biyu ba sai ka ji gyaran murya daga baya.

"Baba, a gafarce ni. A wace shekara ke nan?"

Tsoho ya dube shi, ya ce tun ba a fara ƙidayar shekaru ba. Abin da Malam ke jira ke nan. Nan take jaka ta buɗe. Za ka ji cewa wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya wallafa tarihin Zamfara a 1959. Littafin da Jamusanci yake, Malam kuma ko gaisuwa bai iya da Jamusanci ba, amma wannan bai hana shi gaya mana abin da ke shafi na kaza ba. Za ka ji labarin kundin digirin da Garba Nadama ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, kafin ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato. Wannan kam yana da shi a jaka, sai dai babu farko babu ƙarshe, tsakiyar ce kawai ta tsira daga gara.

Tsoho ya ce su Dakka, sarakunan farko, Samudawa ne, ƙatta waɗanda in sun yi tsawa ake ji daga wani gari. Malam ya yi murmushin tausayi, ya miƙa wa na kusa da shi jaka, ya ce bari ya auna. Ya fara taku daga kan kabari zuwa ƙafa yana ƙirgawa a fili. Da ya ga taku ya wuce inda ya yi zato, sai murya ta yi ƙasa, ya dawo ya karɓi jakarsa ya ce ai ruwan sama ne ya baje ƙasar. Daga nan ya tsallake zuwa Birnin Zamfara, ya kama gardama kan cewa wajen 1762 ne Babari Sarkin Gobir ya ci birnin, alhali babu wanda ya musa masa. Ya bi Zamfarawa zuwa Kiyawa, ya raka su har Anka, ya juyo Alƙalawa ya karya ta a 1808 tare da rundunar Namoda, duk muna tsaye cikin rana. In ya zo kan Barth, Baturen da ya ratsa Zurmi da Badarawa a 1853, ba ya kiransa da Barth. Abdulkarim yake ce masa, da irin muryar da ake ambaton abokin ƙuruciya. Clapperton kuwa, da ya riga shi zuwa Zurmi a 1824, har yau Malam bai yafe masa baƙar shaidar da ya yi wa garin ba.

Abin haushin shi ne, mafi yawan abin da yake faɗi gaskiya ne. Da ƙarya yake yi da an huta, a yi dariya a wuce. Sai dai tsofaffin ƙauye suna da maganinsa, kuma na ga an ba shi a gabana. Dattijon ya bari sai da ya kai aya, sannan ya jingina da sanda ya ce, "Malam, tunda kai kas san wurin, shiga gaba mu bi ka." Malam ya shiga gaba. Bai yi nisa ba ya kai mu cikin ƙarangiya. Sauran yinin a zaune ya yi shi kan wani dutse, ya tuɓe safa yana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muka ji labarin Sarauniya 'Yargoje daga farko har ƙarshe ba tare da an tambayi shekara ba.

Kusa da shi a daraja akwai Alhaji Mai-kwatance. Shi duk abin da aka nuna masa ya ga wanda ya fi shi. A kai shi Kwatarkwashi, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ne dutsen? Ai ba ku ga Jabalin Nur ba." A nuna masa ganuwa, ya ce da jirginsu ya bi ta saman Masar ya hango dalar Fir'auna ta taga. Yana da ƙaramin ƙane a motar, wanda ya yi bautar ƙasa a Filato, shi kuma ba ya rabuwa da zancen dutsen Kerang da ya taɓa aman wuta. In su biyun suka haɗu a kujera ɗaya, sai ka rasa dalilin da ya sa suka biya kuɗin mota zuwa wurin da ba ya cikin jerin abin kallo.

Masu hoto ba sa buƙatar dogon bayani. Sukan juya wa kufai baya tun daga isowa har tashi, don ta haka ne yake fitowa a bayansu. Sai an kama hanyar gida, an sami sabis, ɗaya zai taɓo ka: "Yaya, don Allah me ma sunan wurin nan da muka je?"

Akwai wanda ya ji an ce za a hau dutse, ya sako babbar riga ta shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki. A Kwatarkwashi na fi jin daɗinsa. Ana ba shi labarin yadda a da samarin garin ke hawa can ƙololuwa su kamo mikiya da hannu lokacin bikin Baura, yana gyaɗa kai yana cewa ai ba wani abu ba ne. Kafin a yi kwatan hawa riga ta koma kafaɗa, can ta koma hannun wani yaro, hula ta bi ta. Daga ƙarshe za ka same shi a inuwa yana huci kamar zugazugin maƙera, yana cewa ya tsaya ne don ya tsare mana kaya. Babu kayan da aka bari a wurin.

Ina kuma tausayin Mai-tsoron-iska. Ba a wuce kuka ko tsamiya bai yi addu'a ba. Kada a nuna kabari da yatsa, kada a ɗaga dutse, kada a kira sunan kowa da ƙarfi. Shi ne mai yi mana wa'azi cewa zuwa irin wuraren nan ma akwai magana a kansa. Amma ka sa masa ido lokacin da za a koma mota. Zai ja tsoho gefe, murya ƙasa ƙasa, ya tambaye shi ko gaskiya ne ƙasar gindin ganuwar nan tana maganin mayankwaniya, kuma za ka ga aljihunsa ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Hajiya Mai-kula ita kaɗai ce ban taɓa jin an yi ƙorafi a kanta ba. Dambu da zogale, hoce, ƙuli, soyayyen nama a ƙasan kula don masu haƙuri, da jarkar fura da ta kwana a firji. Ba ta san Dakka ba, ba ta kuma nemi a gabatar mata da shi ba. Matsalar tana wajen waɗanda suka ce tun a tasha su ba sa cin abinci a hanya. Da an shimfiɗa tabarma za ka ga sun matso suna cewa, "Inna, bari dai in ɗanɗana don kada ki ce na ƙi." Cikinsu ne ake samun wanda fitsari ke kamawa daidai lokacin da aka fara zagayawa da hula don haɗa wa tsoho na goro. Ba ya dawowa sai ya ji an tada mota.

Can kujerar baya, jikin taga, akwai wani mai ɗan littafi da biro. Ba ya taya kowa hira, ba ya riƙe wa kowa jaka, in an ce a tura mota sai ya ce yana rubuta wani abu. Jama'a sun ɗauka bayanin tsoho yake rubutawa, har Malam kan rage sauri don ya samu ya kwafa. Shi ma dai ya ci dambun Hajiya, har da ƙari. Sunansa ba shi da amfani a nan.

Duk waɗannan na yafe musu, in an sake haɗa mu ma ina so. Akwai dai guda ɗaya da ba na iya yi wa dariya.

Shi ya bayyana ne bayan da tsaro ya lalace. Kowa ya san yadda hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka koma. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Irin wannan tafiya ta zama sai an yi shawara, an tambaya, an sake tambaya, sau da yawa kuma a fasa. In an samu lafawa aka leƙa wani wuri na kusa, sai ga shi a mota, ɗan birni da ya zo kallon mutane. Kufai bai dame shi ba. Ya ga yaro da awaki, ya ce, "Kai, ina ogan naku yake?" ya bushe da dariya shi kaɗai. Ya ɗauki hoton mata a bakin rijiya ba sallama ba izini. Tsoho na cikin bayani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, Allah dai ya sa ba infoma ba ne kai." Sannan tun muna tsaye a wurin, in ya sami sabis, ya ɗora a Facebook cewa ga shi a tsakiyar daji, da sunan ƙauyen, da fuskar tsohon, don a ce masa jarumi.

Mu mutanen Birnin Tsaba da kewaye mun san nauyin kalmar nan. An rasa rayuka a kanta. Mutumin da yake yi wa wannan wasa wataƙila ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa, wataƙila ya binne ɗa, ya kwana a jeji da jikoki. Duk da haka ya ajiye fartanya, ya sa aka kawo mana ruwa a kwanon sha mai murfi, ya taka da mu cikin rana don ya nuna mana kaburburan kakanninsa. Mu da la'asar za mu shiga mota mu tafi. Shi a nan zai kwana, hotonsa kuma yana yawo a wayoyin da bai san masu su ba. Wannan rashin tarbiyya ne, ko da wane irin murmushi aka yi shi.

Saboda haka ga saƙona ga masu haɗa tafiya, ranar da Allah ya kawo mana sauƙi aka koma zuwa Dutsi da Kiyawa ba fargaba. Ku kira Malam, a ba shi kujera kusa da Alhaji su ƙarata. Ku gaya wa mai latti ƙarfe shida ne. Hajiya kada a karɓi kuɗin motarta. Wancan kuwa, in ya tambaya, ku ce mota ta cika.