Sharhi a Kan Fuskar da Ke Cikin Da'ira

Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da a ce sun riski wannan zamani namu, wanda mutum ɗaya yake iya mallakar fuska bakwai a mako guda, ya fita da wata ranar kasuwa, ya ɗora wata bayan an sauko daga Juma'a, ya ɓoye wata domin ranar da ɗan takararsa zai shigo gari, lalle da sun gindaya wa maganar sharaɗi, sun ce a fara tantance wace fuskar ake nufi. Abin da nake magana a kansa shi ne ɗan hoton nan da ake liƙawa kusa da sunan mutum a waya, wanda samari suke kira dipi, domin na lura cewa a ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya zama fanni mai zaman kansa, yana da usuli da rassa, yana da shaihunai da almajirai, alhali har yau ba a sami wanda ya zauna ya yi masa sharhi ba.

A zamanin iyayenmu hoto babban sha'ani ne, wanda ba a yinsa sai da dalili mai ƙarfi, kamar fasfon aikin Hajji ko takardar shiga makaranta. Mutum yakan yi wanka, ya ari hula idan tasa ta kwana biyu, ya kama hanyar Funtuwa ko Malumfashi, ya zauna gaban labulen da aka zana wa jirgin sama da bene, ya ɗora tafukansa bisa gwiwoyi, ya haɗe rai matuƙar haɗewa, domin a wancan lokaci murmushi gaban mai hoto alama ce ta rashin kamun kai. Malamai kuwa suna can suna saɓani a kan hukuncin taswira, wasu suna cewa hoton na'ura inuwa ce kawai aka tsare, wasu suna cewa a nisance shi sai bisa lalura, har akwai dattawan da suka koma ga Mahaliccinsu ba su bar ko hoto ɗaya ba. Jikokin waɗannan bayin Allah su ne a yau suke ɗaukar hoto arba'in a zama guda, su share talatin da tara, su ɗora na ƙarshe, sa'an nan su zauna jiran a ce musu masha Allah.

Shugaban ma'abota wannan fanni, a nawa ra'ayi, shi ne wanda Allah ya nufe shi da zuwa Makka. Tun yana sansanin alhazai yake fara sanarwa, ranar farko da jakar guzuri, rana ta biyu a bakin jirgi, kafin mako ya zagayo kuwa ga shi cikin harami, ya ɗaga hannuwa sama yana addu'a cikin tsananin khushu'i, idonsa ɗaya a rufe, ɗayan yana duba ko mai ɗaukar ya samo Ɗakin Allah a bayansa sosai. Ni dai ba ni da ikon shiga tsakanin bawa da niyyarsa, kuma Imamu Gazali ya riga ya yi dogon bayani a kan riya da ujubu cikin Ihya, wanda duk mai son tsorata kansa zai iya komawa gare shi. Iyakar abin da zan ce shi ne, na san alhazan da suka dawo shekara shida da ta wuce, zamzam ya ƙare, dabino ya ƙare, tsarabar carbi ta ƙare, amma a waya har yanzu ba su fita daga harami ba.

Bayansa sai saurayin da yake jingina da motar mutane. Shi ba ya cewa motar tasa ce, don haka babu alƙalin da zai kama shi da ƙarya, yana dai riƙe da makullin ɗakinsa a yanayin da mai kallo zai yi wa kansa fassara. Ga kuma na'urar gyaran fuska da ke cikin wayoyin yanzu, wadda take share zanen gado, ta cike ramin ƙuraje, ta haska baƙin mutum har ya zama kamar an shafe shi da farar ƙasar nan da ake haƙa a Ƙanƙara, ta yadda idan maganar aure ta kankama aka zo gaisuwar iyaye, sai ka ga ƙannen yarinya suna leƙen bayan baƙo, suna jiran shigowar mai hoton. Mata kuwa, da yake kunya ta hana da yawansu bayyana fuska, sun ƙirƙiro nasu harshen, wanda ya fi na maza balaga nesa ba kusa ba: fure yana nufin zaman lafiya, hannu da lalle yana nufin biki ya matso, jariri yana nufin a zo barka, baƙin fili babu komai yana nufin maigida ya shirya ba da bayani idan ya dawo. Idan ka ga an ɗora rubutun da ke cewa haƙuri maganin zaman duniya, to kishiya ta karanta tun kafin kai.

Siyasa ita ce ta mayar da abin sana'a. Ƙananan hukumomin nan uku kujera ɗaya suke tarayya a kanta a Majalisar Wakilai ta Tarayya, saboda haka duk lokacin zaɓe kowane gari yana ganin lokacinsa ne, kuma kowane matashi mai waya yana ba da aron fuskarsa. A farkon shekarar 2023, gabanin zaɓen 25 ga Fabrairu da na gwamnoni da aka yi ranar 18 ga Maris, sai da ta kai mutum ya buɗe jerin sunayen da ke wayarsa ya ga ɗan takara ɗaya sau sittin, ya rasa wane ne kawunsa wane ne mai gyaran babur, domin dukansu sun koma mutum guda mai doguwar hula yana nuna sama da yatsa. Abin sha'awa shi ne daren da aka bayyana sakamako, wanda a cikinsa aka yi hijira mafi sauri da tarihi ya sani, ba tare da an ɗaura wa jaki kaya ba: waɗanda suka kwanta da fuskar wanda ya faɗi suka wayi gari da fuskar wanda ya ci, masu ɗan sauran kunya kuma suka ya da zango na kwana uku a kan hoton masallacin Madina kafin su ƙarasa.

Sau ɗaya tak na ga wannan kasuwa ta tsaya cik, kuma dalilin tsayawarta ba abin dariya ba ne. A watan Satumba na 2021, sa'ad da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da namu ukun, bayan an riga an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, kuma ba a fara maido da shi ba sai a watan Disamba. Mutane sun sha wahala ta gaske, mai mara lafiya ya rasa yadda zai kira ɗan'uwa, ɗan kasuwa ya rasa yadda zai ji farashi. Allah kada ya maimaita mana. Amma ko a cikin wannan ƙunci ɗan Adam bai bar halinsa ba, domin kowa ya daskare a kan fuskar da hukuncin ya same shi da ita, ango ya yi wata uku yana ango a idon 'yan'uwansa na Kano da Kaduna, mai fushi da miji ta yi wata uku tana fushi alhali an shirya tun daren farko, kuma cikin waɗanda suke tafiya mai nisa neman inda waya za ta kama, an sha ganin wanda, bayan ya sanar da dangi yana raye, abu na biyu da ya yi shi ne sauya hoto.

To duk wannan hidima a WhatsApp da Facebook ake yinta. Akwai wata fuska marainiya da babu mai waiwayarta, ita ce ta imel, kuma ita ce take zuwa wuraren da mutunci yake da amfani. Asalin lamarin shi ne, mafi yawanmu ba mu nemi imel ba, shi ya same mu: wayar Android ba ta barinka ka sauko da manhaja daga rumbunta sai da asusun Google, saboda haka ranar da ka sayi waya, yaron shago ya buɗe maka Gmail cikin minti biyar, ya laƙaba maka sunan da ya ga dama haɗe da lambobi huɗu, ya zaɓi kalmar sirri daga kansa, idan kuma yana cikin nishaɗi ya ɗora maka hoton da ya fara cin karo da shi. Wanda Allah ya rufa wa asiri shi ne wanda aka bar shi da harafin farkon sunansa cikin da'ira mai launi. Sauran kuwa, shekaru suna tafiya, yaro ya girma, ya zo cike fom ɗin JAMB ko neman aikin gwamnati, ya rubuta takarda mai ladabi wadda ta fara da girmamawa ta ƙare da biyayya, ta isa gaban babban jami'i ɗauke da hoton Messi yana cizon riga, ko Shah Rukh Khan ya buɗe hannuwa.

Wani abin da mutane ba su sani ba game da wannan da'ira shi ne ba ta da tarihi, domin da zarar ka sauya hoton, sabon ne zai bayyana har a kan wasiƙun da ka aika tun bara, ta yadda ta'aziyyar da ka rubuta cikin alhini za ta wayi gari ɗauke da kai kana dariya a wurin kamu. Ga ta kuma da ƙunci, ba ta san darajar tufafi ba. Babban mutum ya sa kube mai tsada da riga mai aska takwas, da'ira ta ce sai dai ya zaɓi ɗaya, in ya ja hoton ƙasa ta yanke aikin riga, in ya ja sama ta fille hula, in ya nace sai duka sun shiga, fuskarsa ta koma ɗigo.

Sauya shi a kan kansa ba wuya, taɓa da'irar ne a kusurwar sama ta dama, a zaɓi hoto, a amince. Wuyar tana ga ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sauya ta, aka nemi kalmar sirri. A nan ne za ka ga dattijo mai iyali ashirin, wanda ake tashi tsaye idan ya shigo majalisa, ya tsuguna a shagon caji gaban yaron da bai kai sa'ar autansa ba.

"Yaro, so nake ka cire mini wannan hoton, ka sa na Sallah."

"To Baba, mene ne faswod ɗin?"

"Ai kai za a tambaya, ba a nan aka buɗe ba?"

"Ranka ya daɗe, yayana ne ya buɗe, shi kuwa yana Legas. Wace lamba aka sa a ciki?"

"Tsohon layina, wanda aka rufe lokacin haɗa NIN."

Yaro ya yi shiru na ɗan lokaci irin na likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, sa'an nan ya ba da fatawar da yake bai wa kowa, wato a buɗe sabo. Ta wannan hanya Alhaji ya mallaki imel huɗu, na farko da hoton zaki, na biyu da ɗan takarar da ya bar jam'iyyar tun tuni, na uku da jikansa yana kuka ranar suna, kuma babu ko ɗaya da yake iya shiga. Aka buɗe na biyar, aka ɗora hoton Sallah, hula ta shiga, aska takwas ta tafi. Yaro ya rubuta kalmar sirri a bayan katin waya ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce a adana; Alhaji ya karɓa, ya sa albarka, ya naɗe ragowar goronsa a ciki, ya jefa aljihu.