Motar Kawu da Sanyin Asuba

Kawuna yana da wata tsohuwar Toyota Dyna mai shan gas, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Da ita yake ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano. Duk tsawon shekara ba mai jin kansu. Amma da hunturu ya kama, daidai lokacin da tumatirin Kadawa yake nuna, kuɗi suke kiran mai mota, sai ta ce ba ita ba tashin asuba. Ka murɗa makulli, ta yi gurnani, ta yi tari, ta feso farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, ta yi tsit. Da hantsi ya dubi ludayi kuwa, taɓawa ɗaya ta tashi.

Ni aka ɗora wa jinyarta, don ina hutun makaranta. "Kai da ka yi boko," in ji Kawu, "ai ka san kan injin." Hausa nake koyarwa.

Maganin farko turi ne. Ana sallame sallar asuba Kawu zai tsaya a ƙofar masallaci yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar da kowa ya san ƙarshenta. Ya shige mota ya sa giya ta biyu, mu kuma mu dafa bodi mai sanyin ƙanƙara muna "ya Allah". Ba a yi mako ba sai ga dattawan layinmu sun tsiri dogon wuridi. Wani ma ya koma fita ta ƙofar liman.

Bakanike ya zo, ya saurara, ya ce batir ne. Ba ƙarya ya yi ba, sanyi yana rage wa batir ƙarfi, baƙin mai kuma yana yin kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Aka sayi sabon batir. Abin da ya ƙaru shi ne gurnanin ya ƙara tsawo da kuzari. Daga nan kowa ya zama likita. Mai shayin bakin layi ya riƙa ba mu ruwan zafi a buta muna kwarara wa injin. Wani ya kawo kaskon garwashi aka tura mata a ƙarƙashi kamar mai jego, ni kuma aka ce in tsuguna ina fifita, ina kallon gas yana ɗiga kusa da wutar ina karanta duk addu'ar da na sani. Gwaggo ta ce baki ne, ta aiko da turaren hayaƙi. Wani tsohon direba ya jiƙa tsumma da fetur ya kanga a bakin iska. Injin ya yi wata irin ƙara da ta sa ni da shi muka tsinci kanmu a tsallaken kwata, ba tare da mun san wanda ya riga wani ba.

Wanda ya gano ciwon yaron mai gyaran waya ne, ko gemu bai fara ba. Ya ɗaga murfin injin, ya ce, "Baba, yaushe rabon da a duba hita?" Kawu ya ce motarsa ba otal ba ce. Yaron ya yi mana bayani a natse. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur. Fistin ne yake matse iska, ninki wajen 20, har zafinta ya haura digiri 500, sai a feso gas ya kama da kansa. Da asuba ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin nan, balle tsohon injin da ringinsa suka cinye, matsin yana zurarewa. Don haka aka sa wa kowace silinda ɗan tsinken ƙarfe da ke yin jawur kafin a tayar, shi ne hita. Farin hayaƙin nan gas ne da ya shiga ya fito bai ƙone ba.

Ya kwance ƙarfen da ya haɗa hitocin huɗu, ya ɗaura ƙwan fitila a waya daga batir, ya riƙa dangwala kan kowacce. Ɗaya ce kaɗai ta kawo wuta. Muka je Ƙofar Ruwa muka sayo sababbi, a kuɗin da bai kai rabin na batir ba. Kawu bai yi magana ba har muka dawo gida.

Washegari jama'a suka taru, tun da an yi shelar ba turi. Kawu ya hau da sabuwar hula, ya buɗe makulli, ya jira hita ta yi zafi yadda yaron ya koya masa, ya murɗa. Ta tashi nan take. Sai dai hannunsa ya saba, tun kafin ya zauna daidai ya riga ya jefa ta giya ta biyu, ƙafarsa kuma ba ta kan kuloci. Ta yi tsalle ɗaya ta nufi teburin mai shayi. Mutane suka watse, burodi ya yi sama, kiret ɗin ƙwai ya shige ƙarƙashin taya.

Mai shayi ya fito daga bayan buhun gawayi, ya karkaɗe rigarsa, ya zaro littafin bashi. Ya rubuta ƙwai, ya rubuta kofuna da ƙafar tebur. Sannan ya lashi yatsa ya buɗe wani shafi na daban, inda ashe tun ranar farko yake lissafa butocin ruwan zafi.