Zancen sandar gem da ka dame ni da shi

Zuwa ga taubashina,

 Ni dai lafiya lau nake a Tokyo, sai sanyi.

Saƙonka ya iso, wai in aiko maka da akwatin nan mai sanda da manyan maɓallai, don ka daina shan kashi a gidan gem. Taubashi, ka ji tsoron Allah! Yaron da bai gama firamare ba ya lallasa ka a Mortal Kombat gaban jama'a, sai ka ɗora wa hannun gem laifi?

Bari ka ji asalin abin. Lokacin da kamfanin Capcom ya fito da Street Fighter II a 1991, a kan manyan injuna ake buga shi a gidajen wasa: sanda a hagu, maɓallai shida a dama, uku na naushi, uku na shuri. Har yau idan ka shiga irin waɗannan gidaje a unguwar Akihabara da ke nan Tokyo za ka tarar da magidanta sun taso daga ofis da kwat ɗinsu, suna jefa yen 100 suna dambe da juna. Su da sanda suka tashi, shi ya sa hannunsu ya san ta. Kai kuwa da PlayStation 2 ka buɗe ido, babban yatsanka ne ya yi karatun.

Sanda tana da daɗinta, wannan gaskiya ne. Yatsunka duka suna kan maɓallai a lokaci guda, kuma idan maɓalli ɗaya ya mutu sai ka cire ka sa sabo na kamfanin Sanwa. Amma kuɗinta ya ninka na hannun gem, ga nauyi, ga ƙara kamar ana sakin tabarya a turmi. Ka buga ta da tsakar dare ka ga ko Gwaggo ba za ta fito da muciya ba. Sannan sai ka yi watanni kana faɗuwa kafin hannunka ya saba, kuma na san ka da zuciya, ranar farko za ka jefa ta bayan katanga.

Ka duba manyan 'yan wasa ma. Wani Bafaranshe da ake kira Luffy ya ci gasar EVO ta Street Fighter a Las Vegas a 2014 da tsohon hannun PlayStation na farko. MenaRD na Jamhuriyar Dominika da hannun gem ya ɗauki Capcom Cup a 2017. Mortal Kombat ɗin da kake kuka a kansa kuwa yana da maɓallin tare duka na musamman, wanda ya fi zama daidai a ƙarƙashin yatsa a kafaɗar hannun gem. Matsalarka ita ce ba ka tarewa, kullum tsalle kake yi kana faɗawa cikin naushi.

Don haka sabon hannun gem zan ba mai zuwa Kano ya kawo maka. Ka zauna ka koyi tarewa, kuma ka sayo wa yaron nan lemo ya nuna maka yadda yake yi. Ka gaishe min da Gwaggo, sannan ka tanadi kuɗin sharata na bana da na bara, don ba zan yafe ba.

Naka,
Taubashinka na Tokyo