Wasiƙa daga Dablin: labarin dankalin bayan gida

Taubashina ɗan Goggo,

Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya Goggo da ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙasar Ayalan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya sallama kafin ya sauko.

Saƙonka ya same ni. Ka ce tunda a Turai a ƙasa ake tsintar kuɗi, in sunkuya in tsinto maka na sabuwar waya. To na sunkuya, har tona ƙasar na yi da kyau, abin da na tarar a ciki dankalin Turawa ne. Labarinsa zan ba ka yau, ko ka so ko ka ƙi. Ubangida na magana, bawa sai saurare.

Gidan da muke haya yana da ɗan fili a baya. Ciyawa ce zalla a ciki, irin wadda mutanen nan ke shukawa don su riƙa yi mata aski duk mako, alhali ba akuya ba tunkiya. Na nemi izinin mai gidan in nome gefe guda, ya yarda. Maƙwabcina wani dattijo ne, tsohon direban bas. Da ya hango ni ta kan shinge riƙe da shebur, bai tambayi sunana ba, bai tambayi ƙasarmu ba. Tambayarsa ta farko ita ce, wane iri za ka shuka? Ashe a nan kowane dankali da sunansa da magoya bayansa, kamar ƙungiyoyin ƙwallo. Akwai Rooster mai jan ɓawo, wanda cibiyar binciken noma ta Oak Park da ke Karlo ta fitar a 1991, shi ya cika kantuna. Akwai Kerr's Pink na dattawa. Akwai Queens da Home Guard masu saurin nuna. Ka yabi wani a gaban mai son wani, ka sayi musun da zai kai ku magariba.

Tun cikin Fabrairu aikin ke farawa, kuma a ɗaki ake fara shi. Iri ake saya na musamman wanda aka tantance ba shi da cuta, ba a ɗebo na girki a shuka. Sai ka jera shi a kiret ɗin ƙwai, idanun suna kallon sama, ka ajiye a bakin taga inda akwai haske amma ba zafi. Cikin mako huɗu zuwa shida zai fitar da tsiro gajere mai kauri, kore mai duhu. Wanda aka bari a duhu tsironsa dogo ne fari, da ka taɓa ya karye. Uwargida ta yi ta mita wai an mai da mata taga rumbu, amma ita ce ke fara leƙa su kowace safiya, har tana juya waɗanda ba su sami haske ba.

Ranar shuka kuwa kowa ya san ta: 17 ga Maris, ranar bikin Sen Patirik, waliyyin ƙasar. Matasa su shafe fuska da koren fenti su tafi fareti cikin gari, dattawa su nufi lambu. Bana ranar cikin azumi ta faɗo, kuma wallahi ban taɓa noma da azumi cikin daɗi irin wannan ba, don sanyin nan ko ƙishi ba ya bari ka ji. Na zuba ruɓaɓɓen takin shanu, na ja kunya, na binne kowane iri a zurfin kamar santimita 12, tsironsa sama, tazarar santimita 30 tsakanin ɗaya da ɗaya, 60 tsakanin kunya da kunya. Mutanen yammacin ƙasar, na bakin teku, ciyawar teku suke kwasowa su yi taki da ita tun zamanin kakanninsu.

Da ganye ya kai tsawon tafin hannu da ɗoriya, dattijon nan ya zagayo da shebur wai zai koya mini yadda ake jawo ƙasa a rufe gindi. Ya yi bayani tiryan-tiryan: ƙwayar da haske ya taɓa korewa take yi, koren nan kuma guba ne, sannan ƙasar tana kare tsiro daga raɓar ƙanƙara da kan sauko da dare har cikin Mayu. Gaskiya ya faɗa. Na bari ya gama, sannan na karɓi shebur ɗin na yi masa huɗa irin ta gonar Kaka, layi miƙe sambal. Ya tsaya shiru yana kallo. Washegari sai ga shi da kofin shayi, wai ko zan leƙa nasa kunyoyin. Da kai ne a wurin, na san shayin kaɗai za ka karɓa.

Ɓarayin lambu a nan ba awaki ba ne, ba kuma 'ya'yan maƙwabta ba. Wasu dodon-koɗi ne tsirara, ba ƙoƙo a bayansu, masu yauƙi, da dare suke fitowa su cinye ganye su huda ƙwaya. Maƙwabcina giya yake zuba musu a ɗan kwano ya binne daidai da ƙasa, su bi wari su faɗa ciki su mutu a buge. Na ce masa ni ba zan sayi giya ba ko don ƙwari. Tocila nake ɗauka bayan isha'i in bi kunya ina tsince su cikin bokiti. Isha'in ma ka san ta bazarar nan: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi, ni ma a nan zan ajiye wasa. Wata cuta ce da ke zuwa idan aka haɗa ɗumi da laima. Tabo mai ruwan ƙasa ya fito a ganye, ka juya bayansa ka ga farin gashi-gashi, cikin 'yan kwanaki kara ya yi baƙi, ƙwaya ta ruɓe a ƙasa tana wari. Har yau hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Éireann, tana fitar da gargaɗi na musamman a kanta, masu fesa maganin tagulla su yi maza su fesa kafin ta sauka. In ta riga ta kama, sai a sare karan duka a kwashe, a bar ƙwayar a ƙasa mako biyu kafin a tona. Wannan cutar ce ta shigo ƙasar a 1845, lokacin da talakawa suka dogara da iri guda mai suna Lumper, har namiji mai aikin ƙarfi kan ci kilo 5 zuwa 6 a yini. Kafin 1852 mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu, wasu miliyan ɗaya sun tsallaka teku, alhali ana ta fitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila wadda ke mulkinsu. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aiko da gudummawar fam 1,000 a 1847. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin Ayalan, har yau bai koma wannan adadi ba. A bakin kogin Lifi, nan Dablin, an kafa mutum-mutumin wasu ramammun mutane a 1997, suna tafiya da ƙunshinsu a ƙirji. Duk wanda ya ji labarin yunwar 1973 daga bakin iyayenmu ba ya wuce su da sauri. Kuma cutar nan ita ce dai ke addabar manoman Bokkos da Mangu a Filato idan damina ta yi nauyi.

Allah ya kiyaye, nawa bai kamu ba, don mai saurin nuna na shuka, cikin mako goma zuwa goma sha biyu ya yi. Da fure ya bayyana na cusa hannu a gefen kunya, ƙasar da ɗumi-ɗuminta, yatsuna suka ci karo da abu mai santsi. Na soka babban cokali mai yatsu nesa da gindi na ɗaga a hankali, sai ga su sun bazu a kan baƙar ƙasa, farare tas, ɓawon ko da babban yatsa ka murza sai ya saluɓe. Irin da na binne yana tsakiya, ya yamutse ya zama fanko. Auta ta riƙa tsalle tana ihu wai ta tsinci ƙwai.

Mutanen nan da ɓawonsa suke dafa shi har ya tsage ya yi gari-gari, su sa man shanu da gishiri, shi ke nan. A faranti guda sai ka ga dafaffe, ga markaɗaɗɗe, ga gasasshe, su ce an yi abinci kala uku. Uwargida ta yi faten dankali da alayyahu da attarugu ta aika wa dattijon. Ya ci yana hawaye yana shan madara, amma kwano wayam ya dawo.

Yanzu ga aikinka. Ka je wurin maƙeran kasuwa ka sa a ƙera mini ruwan fartanya mai kyau, ka ba duk wanda zai taho, ƙota zan sassaƙa a nan. Ka haɗo da yajin Goggo. Sannan kangon nan na bayan gidanku da ka bar wa leda da kaji, ga rijiya a gefe, ga takin awaki a banza: da sanyin hunturu ya shigo wajen Nuwamba, ka sa a kawo maka iri daga Jos, ka ja kunya ko huɗu ce, ka riƙa ban ruwa. Dankali sanyi yake so, kuma hunturun Zariya ya ishe shi. Ka turo mini hoto kana riƙe da fartanya da hannunka, ban yarda da na ɗan ƙwadago ba. Maganar kuɗin shara kuwa, sai na ga hoton.

Ka gaida Goggo da Baffa da kyau, ka gaida mutanen majalisa. Uwargida da yara suna gaishe ku.

Naka har kullum,
ubangidanka, ɗan Kawu.